Yadda Ake Binciken Illar Maganin Feshi Ga Manoman Rani

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya ratsa Kura zuwa Kadawa a watan Janairu zai ga 'yan feshi a cikin tumatir tun da sanyin safiya. Saurayi ya goya injin feshi mai cin lita 16, ya naɗe ƙafar wando, babu takalmi babu safar hannu, ruwan maganin yana tsiyaya ta murfi yana jiƙa masa bayan riga. Idan bakin injin ya toshe sai ya kwance shi ya busa da bakinsa, ya mayar, ya ci gaba. Ɗaliban lafiyar al'umma da dama sukan ga haka su ce a kansa za su yi aikin kammala karatu, kuma sun zaɓi abin da ya cancanci a bincika. Matsalar ita ce aikin yakan ƙare a takardar tambayoyi: kana feshi? Kana jin ciwon kai? Sai a haɗa amsoshin a ce magani ne ya jawo. Alhali ciwon kai a gonar rani yana da iyaye da yawa: rana, ƙishirwa, maleriya, rashin barcin mai ban ruwa da dare.

Abu biyu ne suke tsayar da irin wannan bincike ko su kayar da shi. Na farko, auna yawan maganin da kowane mutum ya yi cuɗanya da shi. Na biyu, samun mutanen da ya dace a kwatanta shi da su. A kansu wannan jagora zai fi daɗewa.

Tsayar da tambaya

"Illar maganin feshi ga manoma" take ne kawai. Tambayar da za a iya amsawa tana faɗin su wa, a ina, yaushe, me za a auna, da wa za a kwatanta. Misali: a tsakanin maza masu shekara 18 zuwa sama da suke feshin tumatir a ƙauyukan Garun Malam, shin sinadarin kolinestares na jininsu, wanda jijiyoyi suke buƙata don yin aiki daidai, yana sauka daga farkon rani zuwa tsakiyarsa fiye da na maƙwabtansu da ba sa feshi?

Kafin ka kafe a kan wannan, ka san irin maganin da ake fesawa a wurin. Magungunan ƙwari na gidan oganofosfet, kamar kulofirifos da DDVP wanda yake cikin Sniper da piya-piya, su ne suke danne kolinestares, haka ma na gidan kabamet. Maganin ciyawa irin farakwat da gilaifoset ba su da ruwa da shi, maganin ƙwari irin saifametirin da danginsa ma haka. Idan manoman da ka zaɓa waɗannan suka fi amfani da su, za ka kashe kuɗin gwajin jini ka dawo da sakamakon da bai nuna komai ba, ka ɗauka babu illa, alhali ka auna abin da ba shi ba ne.

Hanyoyin tsara binciken uku ne. Binciken lokaci guda, a je sau ɗaya a tambaya a auna, ya fi arha, amma ba ya nuna wanne ya riga wani tsakanin feshin da ciwon. Binciken masu ciwo da marasa ciwo yana farawa daga asibiti ya waiwayi baya, ya dace da cutar da ba ta cika yawa ba kamar ciwon ƙoda mai tsanani, sai dai mai ciwo ya fi mai lafiya tuna kowace kwalbar da ya taɓa. Binciken bibiya kuwa yana bin mutane ɗaya daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. Ga tambayarmu shi ya fi, domin kowane manomi ana kwatanta shi da kansa.

Izini

Ba a taɓa jinin kowa sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa irin na Aminu Kano. Ka ware masa watanni a jadawalinka. Daga nan sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sai hakimi, dagaci, mai unguwa, liman, sarkin noma, da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa idan a cikin aikin ban ruwa na Kadawa ko na Auyo kake. Yardar dagaci tana buɗe ƙofa, amma kowane mutum sai ya yarda da kansa, a karanta masa takardar da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken.

Mutanen ƙasar Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, don haka tambayar "ina za a kai jinin?" tambaya ce mai tushe. Ka amsa ta dalla-dalla: ɗigo nawa za a ɗauka, me za a duba, me ba za a duba ba, yaushe za a zubar da ragowar. Kada ka sa ranar ɗibar jini a cikin azumi.

Auna cuɗanya da magani

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 shi ne darasin da ya fi kusa da mu. Yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin maleriya da na sanƙarau ba sa tashi. Bakin zaren ya fito ne da aka duba sana'ar gidajen: ana daka dutsen zinare ana niƙa shi a tsakar gida, dutsen kuma cike yake da dalma. Yara sama da 400 ne aka ƙiyasta sun rasu. Yaran ba su taɓa shiga ramin haƙa ba, ƙurar ce ta same su a inda suke rarrafe. Saboda haka mai bincike yana bin gubar ne duk inda ta bi, ba ya tsayawa ga wanda sunan sana'ar yake kansa.

A gonar rani wannan yana nufin ka fara da gano wanda yake goya injin. Sunan da yake cikin rajistar ƙungiya na mai gona ne, wanda sau da yawa yana tsaye a kan kunya yana nuni, ɗan ƙwadagon da ya ɗauko ne yake feshin, kuma gobe yana gonar wani. Idan daga rajista ka zaɓi mutanenka, ka tsallake waɗanda suka fi kowa shan maganin. Ka yi naka jerin sunayen gida-gida, da tambaya ɗaya: wa ya goya inji a gidan nan a kakar da ta wuce?

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka yi mako guda a gona kana kallo. Ka tattara kwalaben da aka yar a bakin kwata da gefen kunya, da safar hannu, ka ɗauki hoton kowace, ka rubuta sunan sinadarin da yake ciki, ƙarfinsa, da lambar NAFDAC idan akwai. Manomi ya fi sanin magani da launin kwalbarsa ko da laƙabin da mai shago ya sa masa. Ka buga hotunan ka haɗa su kamar kundin hoto, a wurin tambaya ya nuna da yatsa. Ka bar gurbi ga wanda ake saye a ɗure a kwalbar da ba ta da rubutu.

Sai awo. Ba wanda zai ce maka mililita kaza yake zubawa. Zai ce murfi biyu, ko rabin gwangwanin tumatir, ko gwangwanin madara. Ka karɓi ainihin abin awon nasa, ka cika shi da ruwa, ka zuƙe da sirinji mai mililita 20 ka rubuta abin da ya ci. Murafe ba girmansu ɗaya ba. Ka kuma tambayi abin da ake haɗawa a goyo ɗaya, domin ana zuba magani biyu ko uku tare, musamman idan tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta sauka, irin yadda ta yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2016. Shekarar sharon feshinta daban ne, dole ka faɗa a rahotonka ko a irin wannan shekara ka yi aikin.

Kada ka tambayi awa nawa mutum yake feshi, ba da agogo yake aiki ba. Ka tambayi goyo nawa, domin da shi ake lissafin aikin. Mafi inganci shi ne kati: kowane ɗan feshi a ba shi kati mai layin kwana bakwai da ƙananan hotunan kwalaben, ya ja zare ɗaya duk goyon da ya gama, wani amintaccen ɗan gari ya karɓa ranar Juma'a bayan masallaci ya ba da sabo. Abin da aka rubuta a ranar ya fi abin da za a tuna bayan wata uku. Don cuɗanyar shekaru kuma, ka ninka goyo a rana da kwanakin feshi a shekara da yawan shekaru. A ce goyo 8 a rana, kwana 40 a shekara, shekara 6: jimla 1,920. Da wannan za ka raba mutane gida uku, masu kaɗan, matsakaita, masu yawa. Idan illar tana hawa daga gida zuwa gida, hujjarka ta yi ƙarfin da "mai feshi da marar feshi" kaɗai ba zai ba ta ba.

Mai haɗa maganin ya kamata a ware masa tambayoyinsa, don shi ne yake taɓa shi tsantsa kafin a sirka. Da me yake motsawa, da kara ko da hannu? Injin yana yoyo? Yana cin goro ko shan sigari a tsakiyar aiki? Bayan ya gama awa nawa kafin ya yi wanka da sabulu, kuma da rigar yake kwana? Mutane da yawa suna shan madara ko nono bayan feshi da nufin kashe dafin. Ba ya karewa, amma ka rubuta shi ba tare da gyara wa mutum zance a lokacin ba, in ba haka ba sauran amsoshin za su koma abin da yake ganin kana so ka ji.

Idan da hali, akwai hoda mai ƙyalli marar guba da ake zubawa a tankin, bayan feshi a shigar da mutum ɗaki mai duhu a haska shi da fitilar ultirabayolet. Duk inda ruwan ya taɓa zai yi haske: tsakanin yatsu, gadon baya, ƙwauri, gefen baki. Wannan yana nuna cewa ta fata maganin ya fi shiga, abin da ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tarewa.

Cikin gida kuma aikin mace mai tambaya ne, namiji iyakarsa zaure. Ita za ta ga inda ake ajiye kwalbar, ƙarƙashin gado ko kusa da buhun hatsi, ta ji wa yake wanke kayan feshin, ko ana haɗa su da na yara, ko an mayar da tsohuwar jarkar magani ta ruwa ko ta mai.

Gwajin jini

Kolinestares iri biyu ne, na jajayen ƙwayoyin jini da na ruwan jini. Na ruwan jini yana saurin sauka yana saurin dawowa, ciwon hanta da juna biyu ma suna saukar da shi. Na jajayen ƙwayoyi ya fi kama da abin da yake faruwa a jijiyoyi, kuma yana farfaɗowa a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 a rana. Akwai ƙaramar na'ura ta tafi-da-gidanka, Test-mate, da take auna shi daga ɗigon jinin yatsa ta kuma daidaita shi da hemogulobin, wato sinadarin da ake aunawa a san yawan jinin mutum. Wannan daidaitawar wajibi ce a inda maleriya da ƙarancin jini suka yi yawa.

Adadin sinadarin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum ko da lafiyarsu ƙalau, shi ya sa awo ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Ana buƙatar awon tushe, wanda aka yi bayan mutum ya yi aƙalla kwana 30 bai taɓa maganin ba. Ƙa'idar da jihar Kalifoniya ta Amurka take bi ita ce a auna sau biyu, tsakaninsu kwana 3 zuwa 14, a ɗauki matsakaici. Idan na jajayen ƙwayoyi ya sauka da kashi 30 cikin 100 daga tushe, ko na ruwan jini da kashi 40, a janye mutum daga feshi sai ya farfaɗo. Samun kwana 30 ɗin nan shi ne aiki a inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina, ga feshin wake a ƙarshen damina. Ka zauna da sarkin noma da 'yan feshi biyu ko uku ku zana kalandar feshin garin wata-wata, ku nemo tsakanin da ya fi sauƙi. Wanda bai cika kwana 30 ba ka auna shi, amma ka rubuta ranar feshinsa na ƙarshe, ka sani cewa tushensa ya riga ya ɗan sauka, don haka faɗuwar da za ka gani ta gaza ta gaskiya.

Kurakuran da suke ɓata wannan gwaji sanannu ne. Maganin da ya rage a fatar yatsa yana shiga ɗigon jinin ya danne sinadarin a cikin kwalbar gwaji, sakamako ya fito ƙasa fiye da yadda yake a jiki. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai yawa, a busar, sannan a goge da sifirit, kuma a yi gwajin a asibitin gari ko a aji, nesa da gona da shagon magani. Zafi yana taɓa na'urar da sinadaranta, saboda haka a yi da safe a inuwa, a duba iyakar zafin da kamfanin ya rubuta. Kabamet yana sakin sinadarin cikin sa'o'i, idan ka jira kwana biyu ba za ka ga sawunsa ba. Na'ura ɗaya, hanya ɗaya, mai gwaji ɗaya daga farko har ƙarshe. Shi mai gwajin lamba kawai zai gani, kada ya san wane ne ɗan feshi.

Tambayar alamomi ta tsaya ga kwana 7 da suka wuce: jiri, tashin zuciya, gumi fiye da kima, dalalar yawu, gani dishi-dishi, motsin tsoka, ƙuncin ƙirji, gudawa. A yi ta kafin a taɓo zancen feshi. Ka saka alama ɗaya da ba ta da alaƙa da maganin, kamar ciwon haƙori, don ka gane mai amsa "e" ga komai.

Abokan kwatance

Su zama 'yan gari ɗaya, maza, masu shekaru kusa da na 'yan feshin, masu cin abinci iri ɗaya da shan ruwa iri ɗaya: teloli, masu haya da babur, magina, masu shago. Ma'aikatan ofis daga birni ba su dace ba. Amma a ƙauye kusan kowa manomi ne, telan ma yana da 'yar gonarsa, don haka ka yi masa tambayoyin feshin duka. Babban tarkon shi ne piya-piya: ana yayyafa shi a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo, ana zuba magani a wake don ajiya. Abokin kwatancen da yake kwana a ɗakin da aka yayyafa DDVP ya riga ya shiga sahun masu cuɗanya, zai kuma sa bambancin ya dushe. Ka tambayi kowa wannan, rukuni biyun duka. Mai sayar da maganin gona da mai ajiyar hatsi kada su shiga rukunin kwatance.

Akwai wani ruɗi da ya keɓanta da binciken sana'a. Wanda feshi ya fi wahalarwa ya daina tun bara, ya koma ɗaukar kwando a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Waɗanda ka tarar a gona su ne masu jurewa, sai sana'ar ta fito kamar ba ta da illa. Ka tambayi mai unguwa da su 'yan feshin su wa suka bari, ka neme su, ka ji dalili.

Abubuwan da za su iya shiga tsakani su rikita lissafi ka rubuta su ga kowa: shekaru, sigari, zazzaɓi a makon, awannin aiki a rana. Har da ƙwayar tiramol da wasu 'yan ƙwadago suke sha don jure aiki, domin tana kawo jiri da gumi da tashin zuciya, tana iya tsuke ƙwayar ido kamar yadda oganofosfet yake yi. Wannan tambaya a keɓe ake yin ta, ba a gaban uba ko mai gona ba.

Mutum nawa

Ɗalibai sun saba da ɗaukar mutum 384, amma wannan adadi na ƙiyasta yawan abu ne a rukuni ɗaya. Kwatanta rukuni biyu lissafinsa daban. Don gano bambancin kashi 20 da kashi 10 cikin 100, da tabbacin kashi 95 da ƙarfin ganowa kashi 80, ana buƙatar kimanin mutum 199 a kowane rukuni. Idan ƙauye-ƙauye ka ɗebo su, mutanen gari ɗaya suna kama da juna, shagonsu ɗaya, maganinsu ɗaya, don haka akan ninka adadin, sau da yawa da 2. Sannan a raba da 0.9 saboda waɗanda za su tafi cirani ko su fasa: kusan 442 ke nan a kowane rukuni. Wannan na alamomi ne. Awon jini na kafin da bayan yana buƙatar ƙasa da haka sosai, wani dalilin da ya sa bibiya ta fi wa mai ƙaramin aljihu. Manhajojin Epi Info da OpenEpi kyauta ne, suna yin lissafin. Gara ƙauye 15 da mutum kaɗan-kaɗan da ƙauye 3 da mutane da yawa.

Takardar tambayoyin a rubuta ta da Hausar wurin, wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, a gwada ta a kan mutum 20 a garin da ba ya cikin binciken. A ɗora ta a manhajar waya ta KoboCollect, tana aiki ba intanet, a sa mata iyaka yadda ba za ta karɓi goyo 80 a rana ba. Kowane dare a duba abin da aka shigar, tun ana iya komawa a gyara.

Lissafi da mayar da sakamako

Ka fara da tebur mai gida huɗu kafin kowace dabara mai zurfi. A ce cikin 'yan feshi 200, mutum 50 sun sami alamomi uku ko fiye, kashi 25 ke nan. Cikin abokan kwatance 200, mutum 20, kashi 10. Ninkin haɗarin, wato 25 a raba da 10, 2.5 ne, iyakar tabbacinsa daga kimanin 1.5 zuwa 4.0. Ka kawo ninkin tare da iyakarsa koyaushe, kada ka tsaya ga cewa bambancin "mai ma'ana" ne. Sannan ka sake teburin ga masu shan sigari daban, marasa sha daban, matasa daban, manya daban. Idan ninkin ya tsaya kusa da inda yake a kowane gida, waɗannan ba su ne suka haifar da shi ba. Idan ya rushe zuwa kusa da 1, ka gano mai shiga tsakani. Ka faɗi mutum nawa suka fita kafin awo na biyu, da ko sun bambanta da waɗanda suka tsaya.

Tun kafin ranar farko ka shirya da asibitin da yake da allurar atirofin, wadda ake yi wa wanda dafin oganofosfet ya kama, da ma'aikacin da ya san amfani da ita. Wanda ka tarar yana dalalar yawu, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana yi masa wuya, a cire masa kayan, a wanke shi da sabulu, a tafi da shi nan take tare da kwalbar, kada a sa shi amai. Wanda awonsa ya faɗi da kashi 30 a gaya masa a ranar, shi kaɗai, a ba shi shawarar ya huta da feshi, a sake auna shi bayan mako biyu. Sakamakon gari kuwa a kai shi ƙofar dagaci da adadi ba da sunaye ba, a yi wa mata nasu zaman a cikin gida, a ajiye kwafi a sashen lafiya na ƙaramar hukuma da wurin malamin gona. Idan kun yi gwajin hoda mai ƙyalli, ku tafi da hotunan hannu da na baya waɗanda ba su nuna fuska ba, bayan masu su sun yarda a nuna.